Refat, Mai Riƙe wa Sabrie Waƙa

Tun kafin bas na farko ya taso daga garinmu Tepelena, Refat Lamaj ya riga ya tura baronsa ya hau hanyar dutse. Shebur da diga na cikin baron, burodi da cuku da 'yan zaitun a ƙulle cikin tsumma, farar hularsa ta koma ruwan ƙasa saboda ƙura. Aikinsa bai wuce wannan ba: dutsen da ya gangaro kan kwalta ya kawar, kwalbatin da laka ta toshe ya buɗe, ramin da ruwa ya ci ya cike da tsakuwa ya daddanne da bayan shebur. Yana yi yana wani dogon gunaguni a maƙoshi, "eee", har sai numfashinsa ya ƙare, ya ja wani ya ci gaba. Mu da muke wucewa a mota mukan ɗaga masa hannu in mun tuna. In ba mu tuna ba, mu bar shi da hayaƙi.

A watan jiya aka sallame shi da fansho. Ko zakara ba a yanka ba. An karɓi rigar aiki, an sha hannu da shi, an ce ya je ya huta. Washegari Kasem, direban bas ɗin ƙauyukan kan dutse, ya same shi a kwanar gada yana mirgina dutse. Ya leƙo ta taga.

"Kawu Refat, ba an ce ka huta ba?"

"Ni an gaya mini. Dutsen ne ba a gaya masa ba."

"To Allah ya ba ka lada, tunda albashi ya ƙare."

"Ja motarka, kana tare mini haske."

Gaskiyar magana, babu abin da zai zauna ya yi da hutu a gida. Matarsa Nurie ta daɗe da rasuwa. Ɗansa yana Girka yana yi wa gidajen mutane filasta, 'yarsa tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu. Sukan kira ranar idi, su tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce yana ci. A kicin yake kwana, kusa da murhu, sauran ɗakunan a rufe suke tun bara waccan. Kaɗaici ne, ba sai mun saya masa wani suna ba.

Ni ce mai shagon gahawa na bakin tasha, kuma duk wanda ya shiga ko ya fita garin nan ta gaban ƙofata yake bi. Ba don hanya na ɗauki alƙalami ba, ko da yake hanyar ma ta isa a gode masa. Akwai wani aiki da Refat ya yi shekara da shekaru, wanda babu ofishin da ya ɗauke shi, babu kuma wanda zai sallame shi daga gare shi.

Yana saurayi, bai daɗe da dawowa daga aikin soja ba, ya fara jin waƙar Sabrie. Bikin girbi ne na gonar gwamnati, ita kuma lokacin yarinya ce mai tatsar shanu, aka tura ta gaba don babu wadda ta kai ta murya. Ta ɗauko waƙar makiyayin nan da ƙanƙara ta rufe wa hanya, maza suka riƙe mata ta baya. Refat ya ce da aka gama ya duba ya ga hularsa a hannu, bai san lokacin da ya cire ta ba. Tun daga ranar, duk inda aka ce Sabrie za ta yi waƙa, nan ya nufa. Ya je a bayan motar katako, ya je a kan alfadarin aro, ya je a ƙafa. Ya yi musayar ranakun aiki da abokan aikinsa har suka gaji da shi. Ya je Permet, ya je Vlora, ya je ƙauyukan da ko mai kai wasiƙa sai ya yi tsaki kafin ya nufe su. In bikin aure ne da ba a gayyace shi ba, ya tsaya a bayan katanga ya ji abin da iska ta kawo masa.

Yana da tsarinsa, kuma bai taɓa sauya shi ba. Shi ne farkon zuwa. Ya kama ɗaukar benci yana jerawa, har baƙi su ɗauka ma'aikacin wurin ne su aike shi ɗebo ruwa, ya kuwa je ya ɗebo. In jama'a sun taru, ya koma can baya ta hagu ya jingina da turken lasifika ko gindin bishiya. Ba ya ihu, ba ya kiran sunanta, tafinsa ma ba shi da ƙarfi. Da an rufe waƙar ƙarshe ya mayar da hularsa ya kama hanya, tun ba a fara rabon nama ba.

Nurie takan bi shi da jan kallabinta da ƙunshin burek, gasasshiyar fulawar nan mai alayyafo a ciki. Ita ce mai zolayarsa.

"Je ka gaishe ta mana, malam. Ba ta cizo."

"In ce mata me?"

"Ka ce mata kai ne ka cinye takalma a kanta."

"Bar ni, Nurie. Abin faɗa duk ta riga ta faɗa."

Haka shekaru suka tafi, har gashinsa da na Sabrie suka yi fari, bai taɓa ce mata ko sannu ba.

Kowa ya san waƙarmu ta nan dutse ba ta mutum ɗaya ba ce. Ba mu da ganga, ba mu da abin busa. Mai ɗauka ta ɗauko baiti, maza su tsaya a bayanta kafaɗa da kafaɗa su riƙe mata iso, doguwar "eee" ɗin nan da ba ta yankewa tun daga farkon baiti har ƙarshensa. Abin da ya sa ba ta yankewa shi ne suna da yawa. Wannan ya ja numfashi, na kusa da shi yana riƙe. Shi ma in ya gaji, wancan ya karɓa. A kan wannan shimfiɗar muryar mai ɗauka take takawa, in babu ita kuwa, ko wace ce, sai ta ji kamar ta taka matakala ta tarar babu.

Sai lokacin hijira a jiragen ruwa ya zo, mutanen ƙasar suka kwashe kansu suka tsallaka teku neman abin yi. Mazan da ke bayan Sabrie suka fara raguwa. Wannan ya tafi Girka, wancan ya bi 'ya'yansa Tirana, wani aka kai shi makwancinsa. Refat yana can baya yana kallon layin yana gajarcewa biki bayan biki, yana jin iso yana sirancewa har ana iya gane muryar kowa a ciki, abin da a da sai a ce abin kunya ne.

A shagona aka yi maganar da ta tayar masa da hankali. Da rana ce, bayan azahar. Sabrie na zaune da Bashkim, mai shirya bukukuwa, mutum mai tumbi da waya biyu. Refat yana teburin lungu, ya ba su baya, kunnuwansa kuwa duk suna wurinsu.

"Yaya Sabrie, ki saurare ni da kyau," in ji Bashkim. "Fiyanon lantarki na sayo. Maɓalli ɗaya za a danna, ya riƙe miki iso har gobe. Ba ya tari, ba ya shan barasar raki, ba ya neman kujera a mota."

"Yana numfashi?"

"Ai daɗinsa ke nan, ba ya numfashi."

"To kai shi maƙabarta ya riƙe wa na can."

Na yi dariya har na kusa zubar da gahawa. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ka ji in gaya maka, Bashkim. Ranar da na waiwaya ban ga mutum a bayana ba, ranar na naɗe kayana. Ba zan sake buɗe baki ba."

Refat ya tashi ya fita bai sha gahawarsa ba. Tsoro ne ya kama shi, shi da kansa ya gaya mini daga baya. A lokacin Nurie ta riga ta rasu, yara sun tafi. Abin da ke raba masa mako da mako shi ne jin cewa ranar Lahadi Sabrie tana wuri kaza. In ta yi shiru, Lahadi ta zama daidai da Talata, shi da murhu da bango.

Daga nan ya fara aikin da nake magana. Hanyar da yake gyarawa ta ratsa ƙauyuka, kuma ya san kowace ƙofa da har yanzu hayaƙi ke fita ta samanta. Sai ya riƙa ajiye baro yana ƙwanƙwasawa. Tsofaffin makiyaya, tsofaffin ma'aikatan rijiyar mai, duk wanda ya taɓa riƙe iso a bikin ɗan'uwansa, Refat ya bi shi. Wani ya ce gwiwa, ya samo masa sanda. Wani ya ce awaki, ya je ya tsare masa su ranar Asabar don ya samu ya yi aski. Mafi wuya su ne Veiz da Dalip, wa da ƙane, masu murya irin ta bijimai, waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda itacen ɓaure guda da ya tsiro a kan iyakar gonarsu.

"Ni da Dalip a layi ɗaya?" in ji Veiz. "Me ka sha da safen nan?"

"Ba magana za ka yi da shi ba. Baki kawai za ka buɗe."

"Ai shi ko numfashi ba shi da shi. Tun muna yara haka yake."

"Shi ma haka ya ce a kanka."

"Ya ce haka? Yaushe ne bikin?"

Ya sa ɗaya a wannan ƙarshen layi, ɗaya a wancan, suna harare-harare ta saman kawunan mutane, kowa ya ƙi ya riga ɗan'uwansa gajiya. An daɗe ba a ji iso mai kauri irin na shekarun nan ba. Kasem ke kwaso su a bas, suna tafe suna gardama a kan wa ya yi tari a bikin da ya wuce. Bashkim ya karɓi godiya a lasifika, ya ce da ƙyar ya haɗa su. Sabrie ta yarda. Refat ya ja wa tsofaffin kunne kada wanda ya ambaci sunansa, kuma shi bai taɓa shiga layin ba. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Muryata kamar tayar baro ce da ba a sa wa mai ba."

"Ƙarya kake, ina jin ka a hanya."

Ya juya kofinsa. "Zenepe, in kowa ya hau sama, wa zai saurara?"

Kai ne, Refat, ka san cewa saurare ma aiki ne. Mu muna zuwa biki don nama da gulma da ganin wa ya sayi mota a Atina, can Girka. Kai kana zuwa da kunnenka wankakke, ka tsaya da ƙafafun da suka wuni a kwalta, ka ba mace ɗaya hankalinka gaba ɗaya ba ka nemi ko ta kalle ka ba. Kai ne ka ƙwanƙwasa ƙofofin da 'ya'yan gidan ma suka daina ƙwanƙwasawa. Tsofaffin nan da ka fito da su, wasunsu sun yi watanni ba su sa rigar kirki ba kafin ka zo. Ka ce don Sabrie ka yi. Mun ji, amma su ma sun samu.

Sai ranar bikin ƙauyen Lumara ta zo. Kaka ce, bikin saukowar garke daga tsauni, kuma an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Refat ya hau tun da sassafe a ƙafa, kamar kullum, don jera benci. Ni na bi motar Bashkim da tukunyar gahawata, Sabrie a gaba, fiyanon nan a bayan mota a naɗe cikin bargo, don Bashkim bai taɓa fid da rai da shi ba. Mun isa ke nan wayarsa ta yi ƙara. Kasem ne. Gefen dutse ya zubo a bayanmu ya rufe hanya, dutse guda ya kai girman ɗaki. Babu wanda ya ji ciwo, amma bas da tsofaffin duka suna can ƙasa, kuma ko akuya ba za ta tsallake ba.

Saboda ruwa, a tsohon ajin makaranta aka taru, makarantar da aka rufe tun da yara suka ƙare a ƙauyen. Na dubi jama'ar. Tsofaffin mata ne cikin baƙaƙen kaya, sun cika benci biyun gaba. Namijin ƙauyen da ya rage guda ne, a kujera aka ɗauko shi, bakinsa ya karkace tun ciwon da ya kayar da shi. Sauran jikoki ne da suka zo daga Tirana da Atina, kowa da waya a sama. Matan nan babu wadda ba ta iya iso tun tana goye ba. Amma a wurinmu macen da ta binne ɗa ko miji ba ta sake ɗaga murya da waƙa har a binne ta, kuma a Lumara babu wadda ba ta binne ba. Jikokin kuwa, ka ce su riƙe iso, sai su tambaye ka a ina ake saukar da shi a waya.

Sabrie ta tsaya gaban allo da falmaranta mai aikin zare. Ta waiwaya. Bango ne a bayanta, da tsohuwar taswira.

Bashkim ya riga ya jona fiyanonsa. "Yaya, yau ɗaya dai. Dubi mutane sun taru. Wa zai sani?"

Ya danna. Wani ƙugi ya cika ajin, miƙaƙƙe, mai sanyi, irin na firiji. Sabrie ta sa hannu ta fara ɓalle maɓallan falmaran ɗinta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai shirin kwanciya.

Refat yana can baya ta hagu, jikin ƙofa. Ya ga maɓalli na farko, ya ga na biyu. Ya san ba wasa take ba, ya ji ta da kunnensa a shagona. Bai taɓa buɗe baki a gaban mutane ba, iyakarsa duwatsu da kwalbati. Kuma ya fi kowa sanin mutum ɗaya ba ya riƙe iso, don kullum a hanya yana jin inda nasa yake yankewa. Ya sani sarai abin da zai fito ba zai yi kyau ba.

Ya taka ya zo ya zare wayar fiyanon daga bango. Ya wuce ta gefen Sabrie bai kalle ta ba, ya tsaya a bayanta, ƙarƙashin taswirar, da takalmansa masu laka. Ya cire hula. Ya buɗe baki.

Muryar ta fito da rawa, mai kaushi, amma tana kan daidai. Hannun Sabrie ya tsaya a kan maɓalli. Ba ta juyo ba. Ta saurara kaɗan, ta ɗaga kai, ta ɗauko.

Ba su kai tsakiyar baiti ba numfashinsa ya ƙare. Iso ya yanke ɗif, muryarta ta rage ita kaɗai a sama babu abin takawa, har ana jin ɗigar ruwa a bokitin da aka tara a lungu. Wani yaro mai waya ya yi dariya. Refat ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya sake kamawa. Ya sake yankewa. Kunya ta rufe ni a madadinsa, na sunkuyar da kai ina goge kofin da ba shi da datti. Na ji haushin matan nan, na ji haushin al'adar, na ji haushin kaina da ni ma nake cikin baƙi tun rasuwar mijina.

A baiti na uku Sabrie ta yi abin da ban taɓa jin mai ɗauka ta yi ba. Ta fara sauraron ƙirjinsa. In ta ji ya kusa ƙarewa, sai ta sauke layin ta tsaya, ta jira ya ja numfashi, su tashi tare. Waƙar ta zama guntu-guntu, da ramuka a ciki, amma ba ta faɗi ba. Dariyar ta mutu. Wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Matan gaba suna zaune ƙiƙam, leɓunansu a matse, hawaye na bin kumatunsu, babu wadda ta buɗe baki. Ɗaya daga cikinsu, Inna Hajrie, ta gaya mini daga baya cewa maƙogwaronta ya yi kwanaki yana ciwo saboda danne abin da ke son fitowa.

Waƙa bayan waƙa suka yi, har jijiyoyin wuyansa suka fito, fuskarsa ta yi jawur. Da ta rufe ta ƙarshe, ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa. Na kai masa ruwa. Sai ga Sabrie ta juyo, ta tsaya a kansa tana dubansa.

"Kai ne mai tsayawa baya ta hagu."

Ya gyaɗa kai.

"Tun ina tatsar shanu nake ganinka. Ina mai jan kallabin?"

"Ta rasu, Yaya."

"Na yi zaton haka. Na so in aiko a tambaya, ban san wa zan ce a nema ba." Ta sunkuyo. "Sunanka fa?"

"Refat."

"Refat. Numfashinka gajere ne."

"Ƙurar hanya ce."

"Amma kunnenka na da kyau. Tashi ka ci nama."

Bai ci ba. Ya mayar da hularsa, ya ari shebur a gidan Inna Hajrie, ya gangara wurin zaftarewar. Kasem ya ce Refat ya tarar da tsofaffin a cikin bas suna riƙe iso su kaɗai babu mai ɗauka, don kada Veiz ya ce Dalip ya ji daɗin hutun.

Da ina ƙirƙirar labari ne, da a nan zan ce komai ya gyaru. Bai gyaru ba. Dalip ya rasu cikin sanyin shekarar, Veiz ya ce shi kuma ba zai tsaya a layin da babu wanda zai harara ba. Sauran, 'ya'yansu suka zo suka kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Sabrie ta kwanta ciwon ƙirji, da ta tashi muryar ta rage kamar zare. Ɗanta ya ɗauke ta ya kai ta Vlora, hawa na can sama a wani dogon bene, inda shi da matarsa suke fita tun safe sai yamma. Babu sauran dandamali, babu benci da za a jera. Bashkim yanzu yana yawo da fiyanonsa da wasu 'yan mata masu rawa, kuma ana cika masa wuri, ba zan ɓoye ba.

Refat kuwa bai daina bin ta ba. Kowace Lahadi yakan sa rigarsa ta biki ya shiga bas ɗin Vlora, ya hau benen nan yana hutawa a kowane hawa. Na bi shi sau ɗaya na gani da idona. A kicin suke zama, teburi a tsakaninsu, taga na kallon bayan wani benen. Ta dafa masa gahawa, ta yi masa faɗa a kan tarinsa, ya yi mata ƙaryar cewa yana shan magani. Sannan ta gyara zama ta ɗauko, can ƙasa-ƙasa, shi kuma ya riƙe. In ya tsaya jan numfashi, ta jira shi. Maƙwabcin ƙasa yakan buga musu bututun ruwa da cokali, Sabrie ta ce, "Rabu da shi, ɗan birni ne, yana ba mu kiɗa."

Abin da ya dame ni shi ne jiran yana ƙara tsawo. Likita ya ce huhunsa ya sha ƙura fiye da kima. Ranar da na je, akwai inda ya tsaya yana neman iska har ta manta layin da take kai. Suka zauna su biyu, tana kallon hannayenta, yana kallon teburi. Can ya ce, "Ɗauko daga farko, Yaya." Ta ɗauko. Ni kuwa ina zaune a wurin cikin baƙin kayana, bakina a rufe, na ji baƙin cikin da ban ji irinsa ba tun ranar jana'izar mijina.

Mun gode, Refat. Mun gode da hanyar da muka bi shekara da shekaru ba mu tambayi wa ya share ta ba. Mun gode da benci, da ƙofofin da ka ƙwanƙwasa, da ranar da ka yarda a yi maka dariya don kada mace ta cire falmaranta a gaban bango. Allah ya ƙara maka numfashi, ya sa ka daɗe kana hawa benen nan.

Ku kuma da kuke karanta wannan a Atina da Milano da Tirana, ku da kuke sa waƙar Sabrie a waya kuna hawaye a wurin aiki, kuna rubuto mana cewa kuna kewar gida, na gaji da jin kewarku. Matar tana nan da ranta, mutumin ma yana nan. In kun zo hutu, ku rage kwana ɗaya daga bakin teku. Bas ɗin Vlora daga ƙofar shagona yake tashi, kuma kowace Lahadi rabinsa babu kowa.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, ya ɓata rai, ya ce in nemi aikin yi. Na ce to ya faɗi abin da yake so a yi masa, tunda ba a yi masa bikin sallama ba. Agogo? Sabon baro? Ya dubi titi ta ƙofar shagon, ya amsa.

"Mutum ɗaya, Zenepe. Ba sai ya iya waƙa ba. In na tsaya jan numfashi, ya riƙe mata."